Yadda malamin jami'a zai ƙulla bincike da kamfanin haƙar daimon ba tare da ɗalibinsa ya tashi a tutar babu ba

Dutsen da ke ɗauke da daimon ba ya hannun jami'a. Yana hannun kamfanin da ya ɗauki hayar jirgi mai saukar ungulu, ya kafa sansani a kan ƙanƙarar arewacin Kanada ko cikin rairayin Kalahari, ya huda ƙasa ɗaruruwan mitoci ya zaro shi. Na'urorin da za su karanta dutsen kuwa, da mutanen da suka san abin da lambobin ke nufi, yawancinsu suna jami'a. Ni malamin ilimin duwatsu ne, kuma mafi yawan abin da ɗalibaina suka yi digiri a kansa daga ma'ajiyar wani kamfani ya fito. Ga yadda nake ƙulla irin wannan aiki, don amfanin wanda yake shirin farawa.

Ka zo da tambayar da za ta canza inda ake kashe kuɗi

Kafin ka rubuta wa kowa wasiƙa, ka fahimci abin da ke hana shugaban masu neman ma'adini barci. Daimon yana samuwa ne a zurfin kilomita 150 zuwa 200 ko fiye, a ƙarƙashin tsofaffin sassan ɓawon duniya da ake kira kiraton, kuma wani dutsen aman wuta mai suna kimbalait ne yake kwaso shi ya fito da shi sama. An gano kimbalait dubbai a duniya, amma waɗanda suka zama mahaƙa mai riba ba su wuce kusan ɗaya cikin ɗari ba. Saboda haka mutumin nan yana zaune ne da jerin wurare masu yawa da kuɗin da ba zai isa ya huda su duka ba. Babbar buƙatarsa ita ce wanda zai gaya masa, da hujja, wane wuri zai bari.

Aikin John Gurney na Jami'ar Cape Town shi ne misalin da nake ba kowane sabon ɗalibi. Ya lura cewa ƙwayoyin wani ma'adini mai suna ganet da ake samu a kulle cikin daimon suna da sinadarin kuromiyam da yawa, kalsiyam ɗinsu kuma kaɗan ne. Sai ya bi kimbalait na kudancin Afirka yana gwadawa, ya ga inda irin wannan ganet ɗin yake da yawa, a nan ake samun daimon. A 1984 ya wallafa ma'aunin da yau kowa ke kira G10. Tambaya ce ta kimiyya tsantsa game da abin da ke can ƙasan duniya, amma amsarta ta ba mai neman ma'adini damar duba 'yan ƙwayoyin yashi ya yanke shawarar ko ya ci gaba ko ya kwashe kayansa. Da Chuck Fipke da Stewart Blusson suka bi sawun irin waɗannan ƙwayoyi har zuwa yankin Lac de Gras a arewacin Kanada, sinadarin ganet ɗin ne ya nuna cewa wurin ya cancanci a huda shi. A 1991 aka huda a Point Lake, aka samu ƙananan daimon 81 cikin dutse mai nauyin kilo 59, kuma a 1998 mahaƙar Ekati ta fara aiki a wannan yanki.

To, ka zauna ka rubuta tambayarka a layi biyu. Na farko abin da kake son sani, na biyu shawarar da kamfani zai canza idan an samu amsa. Misali, kana son sanin yanayin zafin da ke ƙarƙashin wani yanki a lokacin da kimbalait ya ratsa shi. Su kuma za su san ko duwatsun da ya kwaso sun fito daga zurfin da daimon yake iya zama, ko daga saman da sinadarin kabon ke zama girafait maimakon daimon. Ko kana son shekarun kimbalait guda goma na fili ɗaya. Su kuma za su san ko masu daimon ɗin duk na zamani ɗaya ne, su daina bin na wani zamanin. Idan layi na biyu ya ƙi rubutuwa, aikin naka na iya zama mai kyau ƙwarai, sai dai wurin neman kuɗinsa hukumar bincike ce ta gwamnati.

Wanda za ka fara magana da shi kuwa masanin duwatsun kamfanin ne, wanda ya riƙe dutsen da hannunsa, ba ofishin hulɗa da jama'a ba. Babban taron masana kimbalait na duniya, wanda aka fara a Cape Town a 1973, aka yi a Gaborone a 2017 da Yellowknife a 2024, shi ne inda malaman jami'a da mutanen kamfanoni suke hawa mota ɗaya zuwa kallon duwatsu. Kafin ka je, ka karanta rahotannin da kamfanin ya miƙa wa hukumar binciken ƙasa da wa kasuwar hannun jari, don da yawansu a buɗe suke. Kuma ka fara da abu ƙarami: ƙwayoyi ɗari biyu, wata uku, rahoto mai shafi biyar da ya iso a ranar da ka yi alkawari. Amana daga nan take farawa.

Samfuri da tarihinsa

A nan nake so in daɗe, don a nan ne ayyuka da yawa suke lalacewa tun ba a kunna na'ura ba.

Ka je ma'ajiyar da kanka, tare da ɗalibin. Za ka tarar da akwatuna dogaye a jere, kowanne da sandunan dutse da aka zaro daga rami, da 'yan katakai a tsakani masu ɗauke da lambar zurfi. Ka nemi a shimfiɗa maka rami guda daga sama har ƙasa, ka ɗauki abin fesa ruwa ka jiƙa fuskar dutsen. Da ya jiƙe sai launuka su fito: ƙwayoyin olibin masu zagaye da suka rikiɗe suka yi kore mai duhu, gutsattsarin dutsen gefen rami da suka faɗo ciki, can kuma ɗigon ganet mai launin shunayya da baƙin zobe kewaye da shi, ko koren ƙwayar dayofsaid mai ɗaukar ido. Ka bi da madubin hannu a hankali. Inda girman olibin ya canza, ko yawan gutsattsarin ya ƙaru farat ɗaya, wataƙila ka tsallaka daga wani zubin aman wutar zuwa wani, kuma kowane zubi yana iya zuwa da nasa yawan daimon. Ɗalibin da aka aiko wa jakar duwatsu ta jirgi bai taɓa ganin wannan iyaka ba, kuma zai iya haɗa lambobin zubi biyu ya fitar da matsakaicin da ba ya wakiltar ko ɗaya.

Kada ka karɓi samfurin da ba shi da lambar rami, zurfin farawa da na ƙarewa, wurin ramin a taswira, karkatarsa, da kwafin bayanin da masanin kamfanin ya rubuta lokacin da aka zaro shi. Wani kamfani ya taɓa aiko mana da jakunkuna masu lambobin sirri kawai, da nufin kare wurin da yake nema. Mun yi awo mai kyau, amma babu mujallar da za ta karɓi sakamakon da ba a san inda ya fito ba, kuma ko su kansu ba su amfana sosai ba, don ba mu iya cewa komai game da yadda sinadarin yake canzawa daga wannan gefe zuwa wancan. Idan dole ne a ɓoye wuri, a rubuta ranar da za a buɗe shi.

Ka kuma tuna cewa kimbalait da yawa ba ya jure ajiya. Wanda yake da yumɓu mai kumbura, in ya sha danshi ya bushe sau da yawa, sai ka buɗe akwati ka tarar da gari. Ka ɗauki hoto tun a ma'ajiya, ka sa a dafe gutsuren da za a yanka da ƙaro kafin a kai shi ga zarto, kuma a yanka wanda ba ya son ruwa da mai. Idan za a raba sandar dutse biyu, rabi ya zauna a akwatin kamfanin. Wannan ƙa'ida ce da ba a karya ta, kuma in ka nuna ka san ta za a ƙara sakin jiki da kai.

Sai batun daimon ɗin kansa. Abin da mai sayar da kayan ado yake ƙi, wato daimon mai ɗigon datti a ciki, shi ne dukiyar mai bincike, don ɗigon nan ma'adini ne da aka kulle tun ranar da daimon ya girma. Jeff Harris ya shafe shekaru masu yawa yana tsince irin waɗannan daga cikin abin da mahaƙan babban kamfanin daimon De Beers suke fitarwa, da izinin kamfanin. Daga cikinsu ne Stephen Richardson da abokan aikinsa suka auna ganet na mahaƙan Kimberley da Finsch na Afirka ta Kudu a 1984, suka nuna cewa daimon ɗin ya haura shekara biliyan 3, alhali kimbalait ɗin da ya ɗauko shi bai wuce shekara miliyan 90 zuwa 120 ba. Daga ranar aka tabbatar cewa kimbalait abin hawa ne kawai, kuma mai nema dole ya damu da tsohon tushen kiraton da ke ƙasa. Haka Evan Smith na GIA, cibiyar nazarin duwatsu masu daraja ta Amurka, ya yi a 2016: manyan daimon irin su Cullinan mai karat 3,106 ba wanda zai ba ka ka fasa, amma gutsattsarin da ake yankewa a gefe lokacin gyara su suna nan. Da su ya gano ɗigon ƙarfe da nikel da suka nuna cewa irin waɗannan manyan duwatsu sun fito daga zurfin kilomita 360 zuwa 750. Ko ɗan daimon ɗin Juína na Brazil, wanda Graham Pearson na Jami'ar Alberta da tawagarsa suka samu ma'adinin ringwudait mai ɗauke da ruwa a cikinsa, suka wallafa a 2014, ƙarami ne mai launin ƙasa da kusan ba shi da daraja a kasuwa. Saboda haka ka roƙi abin da ba ya rage wa kamfani komai: masu datti, fasassu, ragowar yanka, da tarin ma'adinai masu nauyi da injin tacewa ya ware. Za a fi saurin ce maka to.

Amma kafin ko ɗaya ya motsa, ka duba doka. A Afirka ta Kudu, dokar daimon ta 1986 ta hana mutum riƙe ɗanyen daimon ba tare da lasisi ko izini ba, kuma akwai lasisi na musamman na masu bincike. Botswana ma tana da tata dokar mai tsanani. Tsallaka iyaka da ɗanyen daimon kuma yana ƙarƙashin tsarin takardar shaida na Kimberley da ya fara aiki a 2003. Ka sa a rubuta wa zai nemi takardun, a ina za a kulle duwatsun, wa ke riƙe da mabuɗi, da kuma wane daimon aka yarda a fasa. Ka auna nauyin kowanne kafin da bayan aiki, ka mayar da gutsattsarin da lissafi.

Takardar yarjejeniya

Kamfani yana tsoron abokin gasa ya san abin da ya sani. Jami'a kuma ba ta da abin nunawa in ba ta wallafa ba. Dukansu suna da gaskiya, kuma ana iya daidaita su muddin an zauna tun kafin dutse na farko ya bar ma'ajiya. Bayan sakamako ya fito, musamman in ya yi kyau ko ya yi muni sosai, zaman yakan yi wuya.

Abin da nake tsayawa a kai shi ne wannan. Kamfani yana da hakkin ganin duk abin da za mu wallafa ko mu gabatar a taro, a ba shi kwana 30 zuwa 60 ya duba. Yana iya cewa a cire bayanan sirrinsa da ya ba mu, kamar yawan daimon a kowane tan ko farashin karat, yana kuma iya neman a jinkirta fitarwa na wata 6, in ya yi yawa shekara guda. Ba shi da ikon hana fitarwa gaba ɗaya, ba shi da ikon canza abin da muka gano. In kwanakin suka wuce bai ce komai ba, an ɗauka ya yarda. Wannan jimla ta ƙarshe ka tabbata ta shiga, don sau da yawa ba mugunta ke riƙe takarda ba: mutumin da ya san aikin ne aka canza masa wurin aiki, wanda ya gaje shi kuma ba ya son sa hannu a abin da bai sani ba.

Game da ɗalibi ba na sassautawa ko kaɗan. Kare kundin digirinsa da karɓar shaidarsa ba za su jira amincewar kowa ba. In akwai sirri a ciki, masu jarrabawa su sa hannu a takardar riƙe sirri, a rufe kundin a ɗakin karatu na ɗan lokaci, shi kuma ya wuce. Yaron da ya ba da shekara huɗu na ƙuruciyarsa bai kamata ya zauna ba aiki ba shaida saboda wata shawara da aka yanke a ɗakin taron da bai taɓa shiga ba. Ina kuma tsara kundin yadda aƙalla babi ɗaya zai dogara da samfurin da ba na kamfanin ba, na gidan tarihi ko na hukumar binciken ƙasa, don ko me ya faru yana da abin wallafawa.

A rubuta wa ya mallaki me. Yadda na saba yi: bayanan da kamfani ya kawo nasa ne, sabuwar hanyar awo ko manhajar da muka ƙirƙira ta jami'a ce, kamfani yana amfani da ita kyauta a ayyukansa, lambobin da muka auna kuma na kowa ne bayan wa'adin sirri. A rubuta abin da zai faru in an sayar da kamfanin ko filin, wato yarjejeniyar ta bi sabon mai shi. A wannan sana'a filaye suna canza hannu fiye da yadda malamin jami'a yake zato.

Akwai abu ɗaya da malamai da yawa ba su sani ba sai sun taka. Idan kamfanin yana kasuwar hannun jari, musamman ƙaramin kamfani mai fili ɗaya, sakamakon da ke kwamfutarka yana iya ɗaga ko kayar da farashin hannun jarinsa. Bayan badaƙalar zinaren Bre-X ta 1997, Kanada ta kafa ƙa'idar NI 43-101, wadda ta ce bayanin fasaha da za a ba masu zuba jari sai ƙwararren da doka ta amince da shi ya tsaya masa. Ostireliya tana da irin wannan ƙa'ida mai suna JORC, Afirka ta Kudu tana da SAMREC. Saboda haka kai da ɗalibanka kada ku sayi ko ku sayar da hannun jarin kamfanin da kuke wa aiki, kada a sa hoton sakamako a Facebook, kuma kada ka yarda a ɗauki jimla ɗaya daga rahotonka a sa a sanarwar kamfani da sunan jami'arka ba tare da ka ga yadda aka yi amfani da ita ba. Wannan ma a rubuta shi.

Kuɗi

Kasuwar daimon tana hawa tana sauka, kuma in ta sauka kasafin nema ne ake fara yankewa. A 'yan shekarun nan daimon ɗin da ake ƙerawa a masana'anta ya matsa wa farashi, har Anglo American, uwar kamfanin De Beers a lokacin, ta sanar a 2024 cewa za ta rabu da shi. Digirin digirgir kuwa shekara uku zuwa biyar ne. Don haka nake neman a biya kuɗin ɗalibi na dukan shekarun tun farko, ko a rubuta cewa ko an soke aikin za a ci gaba da biyansa har ya gama. Kuɗin na'ura da tafiye-tafiye ana iya biya kashi-kashi.

Ka nemi inda gwamnati take ƙara nata a kan na kamfani. A Kanada hukumar NSERC tana da tsarin haɗin gwiwa irin wannan, shirin Mitacs kuma yana haɗa dalar Kanada 7,500 ta kamfani da nasa ya zama 15,000 don ɗalibi ya yi wata huɗu zuwa shida yana aiki tsakanin jami'a da kamfani. Ostireliya tana da tallafin Linkage na hukumar ARC. Ka lissafa abin da kamfani ya bayar wanda ba tsabar kuɗi ba, kamar kujera a jirgi, kwana a sansani da lokacin ma'aikatansa, don hukumomin suna dubawa. Kuma kada ka ɓoye kason da jami'a take cira na gudanarwa. Ka faɗe shi a zaman farko.

In tambayar ta fi ƙarfin kamfani ɗaya, a haɗa da yawa. Tsakanin 1997 da 1999 an dasa na'urorin jin girgizar ƙasa a wurare 82 a Afirka ta Kudu, Botswana da Zimbabwe, da haɗin cibiyar Carnegie da jami'ar MIT na Amurka, jami'o'in yankin da kamfanonin haƙa, aka ga tushen kiraton ɗin Kaapvaal ya nutsa zuwa kilomita 250 ko fiye. Daga 2003 kuma Alan Jones na cibiyar nazari ta Dublin ya jagoranci wani aikin haɗaka a kudancin Afirka mai suna SAMTEX, inda aka auna yadda ƙasa ke ɗaukar lantarki a wurare fiye da 700, De Beers tana ciki tun farko, Rio Tinto da BHP Billiton suka shigo daga baya. Abokan gasa sun zauna a tebur ɗaya saboda taswirar tushen nahiya ba ta nuna wa kowa inda zai huda gobe, amma tana nuna wa kowa yankin da ya cancanci a nema. Irin wannan tambaya mai faɗi ita ce ta dace da haɗaka. Tambayar rami guda ta kamfani ɗaya ce.

A ɗakin awo, da abin da za ka faɗa bayan nan

Ƙwayoyin ganet ana jera su ne layi-layi a kan tef mai danƙo, a zuba ƙaro a kansu ya daskare ya zama faifai mai faɗin milimita 25, a goge shi har ya yi sheƙi, a shafa masa siririn gawayi, sannan a sa a na'urar da ke harba lantarki ta karanta sinadaran. Ka zana taswirar faifan kafin a zuba ƙaron, don ƙwaya ɗaya in ta gusa duk lambobin layin sun rikice. Nikel ɗin da ke cikin ganet, wanda Bill Griffin da Chris Ryan na hukumar CSIRO ta Ostireliya suka mayar ma'aunin zafi a 1989, yau ana auna shi da leza. A kowane zama ka sa ƙwayar da aka riga aka san sinadarinta a tsakanin na kamfanin, ka sa sakamakonta a rahoto. Ɗakunan da ke narkar da kimbalait da kostik soda don fitar da ƙananan daimon, irin na hukumar bincike ta Saskatchewan, suna jefa daimon ɗin masana'anta da aka ƙirga cikin samfuri don a ga nawa za su dawo. Kamfani ya saba da wannan tsanani, kuma zai yi tsammaninsa daga gare ka.

Duk wata uku ka aika shafi ɗaya ko biyu: abin da aka auna, abin da ya nuna, abin da bai nuna ba tukuna, da abin da kake ba da shawarar a yi. Ka haɗa da jadawalin lambobin yadda za su iya zuba shi a taswirarsu kai tsaye. Labari mara daɗi ka kai shi da wuri, ta waya, kafin takarda. In ganet ɗin fili ya nuna ba alheri, faɗin haka kafin lokacin huda na gaba shi ne mafi girman amfanin da za ka yi musu.

Kuma kada ka faɗi abin da ya wuce ƙarfin awonka. G10 yana cewa kimbalait ya ratsa inda daimon zai iya zama. Ba ya cewa karat nawa ne a tan ɗari, ba ya cewa nawa za a saya. Wannan sai an haƙo dutse mai yawa an tara karat dubbai an kai wa masu kimanta daraja. Ƙa'idojinmu ma suna da inda suke karyewa. Tom Clifford ya nuna a 1966 cewa kimbalait mai daimon yana kan tsofaffin kiraton ne, kuma haka ne a mafi yawan wurare. Amma Argyle ta yammacin Ostireliya, da aka gano a 1979, wani dutsen aman wuta ce daban mai suna lamfurait, a gefen kiraton, kuma ta yi shekaru tana cikin mahaƙan da suka fi fitar da yawan karat a duniya. A Botswana, kimbalait ɗin AK6 ya daɗe a ajiye ana ganin bai taka kara ya karya ba. Da aka sake auna shi ya zama mahaƙar Karowe, wadda ta fitar da Lesedi La Rona mai karat 1,109 a 2015 da wani mai karat 2,492 a 2024. Manyan daimon irin waɗannan daga can ƙasa sosai suke, kuma ganet ɗin da muke aunawa ba ya ba da labarinsu. Yadda za a hango su tun kafin a gina mahaƙa tambaya ce da har yanzu take buɗe, kuma ina ganin ita ce mafi kyawun abin da matashin malami zai kai wa kamfani a yau.

Mutane da ƙasar da dutsen ya fito

Ka tura ɗalibin ya zauna a sansani ko mahaƙa na 'yan watanni, ya yi aikin bayanin sandunan dutse tare da ma'aikata, kuma ka sa masanin kamfanin cikin kwamitin da ke duba karatunsa. Shirin DERTS na jami'o'in Alberta da British Columbia a kan wannan aka gina shi: karatu, ziyarar mahaƙai da zaman koyon aiki a kamfani. Wanda ya zaɓo samfurin, ya rubuta bayanin ramin, ya yi muhawara da kai kan fassarar, sunansa ya shiga cikin marubutan maƙala.

In duwatsun na Botswana ne, ka nemi abokin aiki a Jami'ar Botswana ko jami'ar kimiyya da fasaha ta BIUST da ke Palapye tun ranar da ake tsara tambayar, da kasafin da zai kawo ɗalibinsu ɗakin awonka, kuma kwafin lambobin ya koma hukumar binciken ƙasarsu. A arewacin Kanada akwai lasisin bincike da tuntuɓar al'ummomin da ƙasar take tasu, irin su Tlicho da Dene na Yellowknife. Izinin da kamfani yake da shi ba lallai ya rufe naka aikin ba, kuma neman naka yana cin watanni. Ka saurari mutanen fili da kyau. A Kalahari, inda rairayi mai kaurin mita 40 ko fiye ya rufe kimbalait ɗin Jwaneng na Botswana, gara ce ta riƙa haƙo ƙwayoyin ma'adinai daga ƙasa tana fito da su sama, kuma masu ɗibar samfurin ƙasa sun san irin waɗannan abubuwa fiye da yadda aka rubuta.

Sakin layi na ƙarshe da nake sawa a kowace yarjejeniya game da ajiya ne. Argyle ta rufe a 2020, mahaƙan Lac de Gras ma sun tsufa, kuma ramin da ruwa ya cika ba a sake ɗibar dutse a cikinsa. Ka nemi a yarda faifan ƙwayoyi, siraran yankan dutse da ragowar garin samfuri su zauna a jami'a ko hukumar binciken ƙasa da cikakkun lambobinsu, kuma in kamfani zai zubar da sandunan dutsensa ya sanar da kai wata shida kafin lokaci, don ka zaɓi ramuka biyu ko uku da ke wakiltar kowane zubi. Ka haɗa da samfurin tarkacen da injin tacewa ya zubar: masu bincike daga jami'o'in British Columbia, Alberta, Trent da Queensland sun yi aiki da De Beers a kan yadda nikakken kimbalait yake shan iskar kabon ya mayar da ita dutse, kuma wannan aiki yana buƙatar tarkacen da aka san shekarar da aka zubar da shi da ɓangaren ramin da ya fito.